Sun Ce Dauriya Ce, Ashe Ciwo Ne

Jama'ar Allah, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya tashe mu yau ya kawo mu nan da ƙafafunmu. Baba Fasto, dattawa, iyayenmu na zumuntar mata, har da ku matasan da ke can baya kuna danne-dannen waya, duk ina gaisuwa. Haleluya!

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Bitrus. Mutumin kudancin Kaduna ne ni, ina zaune nan Agege da matata Saratu da yaranmu biyu, Godiya da ƙaninta Ayuba. Ni ba gwanin magana ba ne. In kun ga na tsaya, ku yi haƙuri ku jira ni.

Ga abin da ya kawo ni gabanku. Saura ƙiris gidana ya watse ina tsaye ina kallo, kuma ko a jikina. Ba giya na sha ba, ba mata na bi ba, ban taɓa ɗaga wa matata hannu ba. Ciwo ne ya kama ni, irin wanda ba ya nunawa a fuska. Da yawanku da ke zaune nan har yaba mini kuka yi a kansa.

Ina aiki a wani kamfanin roba a Isolo. Bokitai muke yi, da kujeru, da butoci. Injin yana da manyan ƙarafa biyu masu haɗuwa su rabu kamar baki. Ya rufe, narkakkiyar roba ta shiga, ya buɗe, ka ciro bokiti da zafinsa. Mutum biyu ake sa wa a kowane inji, ɗaya na cirowa, ɗaya na gyara baki yana jerawa.

Abokin aikina Mamman ne, mutumin Maraɗi, Musulmi. Ran Juma'a ni ke riƙe masa inji ya je masallaci, in aikin Lahadi ya faɗo kaina shi ke karɓa. Yana ce mini Fasto don tsokana, ni kuma ina ce masa Alhaji, alhali ko ƙofar filin jirgi bai taɓa gani ba.

Ƙarar wurin ba ta bari a ji magana, ko ihu ka yi a kunnen mutum a banza. Saboda haka da hannu muke hira. Akwai alamar a kashe inji, akwai ta oga na zuwa. Ta abinci kuwa, ka buɗe tafin hagu kamar kwano, ka tsoma yatsun dama a ciki. Kullum Mamman ne ke fara yin ta, don cikinsa ba ya makara.

Injin yana da ƙofar kariya, wadda in tana buɗe ƙarafan ba za su haɗu ba. Amma buɗe ta da rufe ta na cin lokaci, ga shi ana bin mu da yawan bokiti. Tun kafin a ɗauke mu aiki wani ya ɗaure maɓallinta da waya, haka muka same ta, haka kowa ke aiki.

Wata Talata da hantsi bokiti ya maƙale. Mamman ya miƙa hannun dama ya ciro shi. Inji ya rufe.

Ban ji ihunsa ba. Bakinsa kawai na gani a buɗe.

Na kashe inji. Na cire rigata na ɗaure masa damtse. Matan da ke jera kaya suna ta kururuwa, wani ƙaton saurayi ya yanke jiki ya faɗi. Na sungumi Mamman na fita da shi, na tare keke, muka tafi asibiti. Da aka shiga da shi ɗakin tiyata, sai na dawo.

Oga ya ce a wanke injin, amma an rasa mai matsawa kusa. Na ɗauki bokiti ɗaya cikin waɗanda muka yi da safen nan, na ɗebo ruwa da sabulu, na wanke shi tas. Abin da na tsinta a ciki ba zan faɗa a gaban yara ba. Na naɗe a leda na kai ofis. Daga nan na koma bakin aiki har aka tashi. Na hau motar haya ta danfo na dawo gida, Saratu ta zubo tuwo, na cinye.

Washegari kowa na dafa kafaɗata. "Bitrus namiji ne!" "Kai, wannan zuciyarsa dutse ce!" Ni ma na zaci haka ne.

Tun daga ranar abubuwa suka daina taɓa ni. Ba baƙin ciki nake yi ba, ku fahimce ni. Da baƙin ciki ne ai da sauƙi. Babu komai ne kawai. Miya ta yi gishiri ko ba ta yi ba, duk ɗaya. Godiya ta zo ta ɗaya a ajinsu, ta shigo da gudu tana tsalle, na ce, "Ya yi kyau," na ci gaba da cire takalmi. Ina tsaye a nan wurin sujada, bakina na waƙa, hannuna na tafi, amma kamar daga gidan maƙwabta nake jiyo ku. Na je duba Mamman a asibiti, an yanke hannun daga wuyansa. Na ce, "Sannu, Allah ya ƙara sauƙi," na ajiye masa lemo, na duba agogo.

Bayan hatsarin, kamfani ya gyara ƙofofin injuna, wannan gaskiya ce, sun gyara. Sai Madam Bisi ta ofishin ma'aikata ta tara mu, ta ce daga yanzu kamfani zai riƙa kula da lafiyar ƙwaƙwalwarmu. Aka share wani ɗaki kusa da sito, aka sa fanka da kujeru biyu irin waɗanda muke yi. Aka ce duk Laraba wata ma'aikaciyar jinya da ta karanci wannan fanni, Sista Ngozi, za ta zo ta zauna, mai damuwa ya shiga.

Kafin a tashi aiki a ranar an raɗa wa wurin suna ɗakin mahaukata. Wa zai shiga a gan shi? Ana ta raɗe-raɗin cewa duk wanda ya shiga, da shi za a fara in an zo rage ma'aikata. Baiwar Allah takan zo ta wuni ita da fanka.

Da Madam ta ga haka, sai ta sake dabara. Ta ce kowane sashe ya zaɓi mutum ɗaya daga cikinsu, wanda za a riƙa kai wa damuwa, za a ba shi koriyar riga don a gane shi. Kafin ta rufe baki yatsu sun nuno ni. Bayarabe, Ibo, Bahaushe, ranar bakinsu ya zo ɗaya.

"Bitrus! Wanda ko gezau bai yi ba ranar Mamman!"

Haka aka sa wa majinyaci rigar likita, aka kuma yi masa tafi.

Lokacin hutu sai mutane su same ni a bayan sito. Wata ta ce tun hatsarin ba ta iya barci. Wani direba ya ce in yana tuƙi sai ya ji kamar ya saki sitiyari. Su yi ta magana, wasu da hawaye, ni ina gyaɗa kai ina kallon bango. Suna tashi sai su ce, "Kai, Bitrus ya iya sauraro, ba ya katse mutum." Da me zan katse su? Ai babu kowa a cikin rigar.

A nan ikilisiya ma haka. Baba Markus, ga ka nan a gaba, ka tuna ranar da ka ce a sa ni cikin masu zuwa ta'aziyya, wai ka ga bangaskiyata ba ta girgiza? Ban riƙe ka ba, Baba, abin da ka gani ka faɗa. Na shiga gidajen makoki da yawa a Agegen nan. "Allah ya ba da haƙuri" na fita daga bakina ɗaya bayan ɗaya kamar bokiti daga inji.

Mutum ɗaya ce ba ta yi mini tafi ba, ita ce mai kwana ɗaki ɗaya da ni.

Wata Asabar da safe ina gugar koriyar rigar nan. Ayuba na kwance da zazzaɓi. Sai na ji Saratu ta ƙwalla ƙara, yaro ya shiɗe, idanunsa sun juye. Maƙwabta suka shigo da gudu. Ni kuwa saura hannun riga ɗaya, sai na ƙarasa shi, na zare dutsen guga daga wuta, sannan na juyo. Na ɗauki yaron, muka je asibiti. Da likita ya ce ya farfaɗo, Saratu ta zube a ƙasa tana kuka tana gode wa Allah. Ni ina tsaye a kanta ina tunanin ko zan sami danfon Oshodi.

Bayan an sallame mu ta ce, "Baban Godiya, zauna."

Na zauna.

"Sai da ka gama gugar hannun rigar kafin ka juyo. Na gan ka."

"Wuta na kashe, kada gobara ta tashi."

"Da zagina kake yi, da na san akwai mutum a gidan nan. Wata nawa yanzu ina magana da bango? Yaran nan sun daina tarenka a ƙofa, ka lura? Godiya ta tambaye ni ko laifi ta yi maka." Ta share ido da bakin zane. "In Disamba ta yi zan kai su gida wurin Mama. Kada ka tambaye ni ranar dawowa."

Na ce, "To."

Jama'a, "to" na ce! Matar da na auro da kuɗin gumina da addu'ar iyayena tana gaya mini za ta tafi, na ce "to" kamar an ce mini man girki ya ƙare. Kaina ya san wannan masifa ce. Ƙirjina shiru.

Na yi ƙoƙari, kada ku ce ban yi ba. Na yi azumi, yunwar ma ban ji ba. Na durƙusa na yi addu'a da manyan kalmomin da na saba ji a bakin dattawa, ina gamawa in tashi in kakkaɓe gwiwa. Ranaku suna ta tafiya, Saratu ta fara ninke kayan yara tana sa wa a jaka a gabana. Nakan ɗaga ƙafa in ba ta hanya.

Ana saura 'yan makonni Kirsimeti, wata Laraba da rana, ina bakin inji da sabon abokin aiki, sai na hango mutum tsaye a ƙofar shiga. Mamman ne. Ya zo sallama, zai koma Maraɗi. Ya rame, hannun rigarsa na dama a naɗe an kama shi da fil.

Muka haɗa ido daga nesa, ya yi murmushi. Lokacin abinci ya yi, ƙara kuma ba ta bari a yi magana. Sai ya buɗe tafin hagu kamar kwano, ya ɗago na dama zai tsoma.

Ya manta.

Ya tsaya yana kallon wurin da yatsun ya kamata su kasance. Sannan ya ɗaga kafaɗa ya yi dariya.

Ba kuka na yi ba, ba tsoro na ji ba, ƙafafu ne kawai suka ƙi ɗaukata. Na yi wa yaron da muke tare alamar ya kashe inji, na bi bango na fita. Ƙofar farko mai kujera a ciki ita ce ta ɗakin nan da muke yi wa dariya. Na tura na shiga, ma'aikata suna kallo.

Sista Ngozi ta ga koriyar riga, ta zaci rahoto na kawo. Na ce mata ta ɗan ba ni lokaci. Na durƙusa a kan siminti, na yi addu'a da Hausa, wadda ita ba ta ji.

Na ce, "Ubangiji, ni ne Bitrus. Ba na jin komai. Ɗana ya kusa mutuwa, ban ji ba. Matata za ta tafi, ba na ji. Kai kanka ba na jin ka, waƙar da nake maka ran Lahadi baki ne kawai. Ban san abin da ya ɓace mini ba, balle in san inda zan neme shi. Kai ka sani. Ka taimake ni."

Iyakarta ke nan. Ba a yi tsawa ba, ban ga haske ba, fanka kawai ke juyawa. Amma a duk watannin nan ita ce addu'ar farko da ban yi wa Allah kwalliya a cikinta ba, kuma ita ya amsa.

Da na ɗago, Sista ta turo mini ruwa. Ta tambaye ni da Turancin Legas, a hankali, "Ranar da abin ya faru, kai wa ya tambaye ka yaya kake?"

Na yi tunani, na yi tunani. Babu.

Na ba ta labari tun daga ƙofar da aka ɗaure da waya har zuwa ledar da na kai ofis, muryata kamar mai karanta sanarwa. Ta ce wannan ba taurin zuciya ba ne, ba kuma rashin bangaskiya ba ne. In mutum ya ga abin da ya fi ƙarfinsa, wani lokaci jiki kan kashe ji gaba ɗaya don ya iya yin abin da ke gabansa, sai kuma ya kasa kunnawa. Ta ce rauni ne, ana jinyarsa, kuma ba ni ne na farko ba. Ta haɗa ni da wani likita.

Da na fito, Mamman na jirana wurin mai shayi a bakin get. Na yayyaga masa burodi. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Fasto, ni dai an san abin da na rasa. Kai me ka rasa? Idonka kamar na kifin ƙanƙara."

Na ce, "Shi na shiga nema yanzu, Alhaji."

Ya ce da Faransancin mutanen Maraɗi, "Dakor, na ji. Allah ya sa a dace."

'Yan'uwa, kada in yi muku ƙarya, ba dare ɗaya na warke ba. Na yi ta zuwa wurin likita, na yi ta komawa ɗakin nan duk Laraba. Kuma abin da ya fara dawo mini ba farin ciki ba ne, tsoro ne. In na ji inji ya rufe sai gumi ya karyo mini. Dole aka mayar da ni sashen ɗaure kaya. Na kai wa Madam Bisi rigarta, na ce duk wanda za a ba, a fara tambayarsa lafiyarsa tukuna. Waɗanda suka yi mini tafi su ne suka koma cewa Bitrus ya taɓu. Ba komai. Direban nan dai na gan shi ya shiga ɗakin wata Laraba, yana waige-waige kamar ɓarawo.

Wata Lahadi bayan sujada na zaunar da Saratu na gaya mata duka, har abin da na tsinta a cikin injin, wanda ban taɓa faɗa mata ba. Tana ɓarar agushi, sai hannunta ya tsaya. Ta saurara har na gama.

Ta ce, "Na ji, kuma na tausaya maka. Amma na gaji, Baban Godiya. Bakinka na faɗa, fuskarka tana nan yadda take. Zan tafi."

Ban ga laifinta ba.

Ranar tafiya na kai su tasha da sassafe. Na ɗora musu kaya, na saya wa yara biskit da ruwa. Suka shiga, Saratu ta zauna ta juyar da kai can gefe. Godiya ta leƙo ta taga ta ce, "Baba, kai ba za ka zo ba?" Ayuba ya manna tafinsa a gilashi. Direba ya ta da mota.

Motar na fita daga get, sai wani abu ya tsage a ƙirjina. Wayyo! Ban taɓa jin zafi irin wannan ba. Na zauna a kan buhun albasar wani bawan Allah, na fashe da kuka da murya, ƙato da ni, a tsakiyar tasha. 'Yan dako suka tsaya da kaya a ka. Wani dattijo mai sayar da goro ya matso ya dafa ni ya ce, "Bawan Allah, rasuwa aka yi?" Na girgiza kai. Ina kuka ina cewa, "Na gode, Yesu, na gode," don yana yi mini zafi. Iyalina sun tafi kuma yana yi mini zafi! Dattijon nan na tabbata har yau yana ba da labarin mahaukacin da ya gani.

Ban san ko Saratu ta hango ni ba, motar ta riga ta hau titi. Na koma gida. Ɗaki fayau, ga takalmin Ayuba ƙafa ɗaya a ƙarƙashin gado. Na wuni a zaune, ko'ina na duba sai ya soke ni.

Da la'asar waya ta yi ƙara. Ita ce. Ina jin ƙugin mota a bayanta.

"Baban Godiya."

"Na'am."



"Babbar tukunyata da ke saman kabad, kada ka ba kowa aro. Mutanen gidan nan ba sa mayar da abu da wuri. Ina so in dawo in same ta a inda na bar ta."

Haleluya! Bayan sabuwar shekara suka dawo. Ga ta can cikin zumuntar mata tana rufe fuska da gyale, za ta kashe ni in mun koma gida.

Har yanzu ina jinya. Akwai ranakun da shirun nan kan leƙo, amma yanzu ina gane shi, ina kuma da bakin faɗa. Na gode wa Allah da ya ji ni a lokacin da ni kaina ba na jin kaina. Na gode masa don Sista Ngozi da ta yi ta zama a ɗakin da ba mai shiga har ranar da na buƙace ta. Ina roƙonku ku sa Mamman a addu'a, yana can yana koyon rayuwa da hannu ɗaya.

Kai kuma ɗan'uwa, ke 'yar'uwa, da ke zaune nan ana yaba miki dauriya alhali cikinki babu kowa, kada ki jira sai an ɗora kaya a mota. Faɗa wa Allah yadda abin yake, ko da abin da za ki faɗa shi ne ba kya jin sa. Zai ji. Sannan ki tashi ki nemi wanda ya san jinyar abin, ki buɗe baki. Ku dogara gare shi, jama'a, ba ya barin nasa.

Ɗaukaka ta tabbata ga sunan Yesu. Amin.